Tambayoyinku: Matan Aborijin a Mahaƙan Ostireliya, Daga Sitiyarin Tifa Zuwa Kujerar Manaja

Wasiƙun wannan karon sun taru ne a kan matan Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar Ostireliya, da yadda suke shiga aikin haƙar ma'adinai har wasunsu su kai ga shugabanci. Mun gajarta tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Na ga hoton wata mata tana tuƙa ƙatuwar tifa a Ostireliya, aka ce 'yar Aborijin ce. Yaushe suka fara wannan aiki? Wadda ba ta da digiri kuma ta ina take shiga? — Wata ɗalibar kimiyyar duwatsu, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sun daɗe a ciki. Ranar 1 ga Mayu, 1946, ma'aikatan Aborijin kimanin 800 suka ajiye aiki a gidajen kiwon Turawa na yankin Pilbara da ke jihar Yammacin Ostireliya, saboda ladan da ake ba su bai wuce gari da sukari da ganyen shayi da taba ba, ko ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Cikin jagororin akwai mace, Daisy Bindi, wadda ta fito da mutane kusan 100 daga gidan kiwon Roy Hill. Yajin ya kai shekara uku, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka riƙe su shi ne haƙar kuza. Mata ne gwanayen tacewa. Sukan zuba ƙasar a wani dogon akushi da ake kira yandi, su yi ta kaɗawa har ma'adini mai nauyi ya koma gefe guda, yashi ya koma ɗaya gefen, kamar dai yadda ake bakace da faifai. Yau Roy Hill sunan ɗaya daga cikin manyan mahaƙan tama ne a ƙasar. Duk da wannan tarihi, sai a 1986 dokar Yammacin Ostireliya ta yarda mace ta yi aiki a ramin ƙarƙashin ƙasa.

A yanzu ƙofar da ta fi faɗi ita ce horon aiki mai albashi. Manyan kamfanonin haƙa, Rio Tinto da BHP da Fortescue, duk suna ware wa 'yan asali gurabe. Fortescue ta kafa cibiyar horonta ta VTEC tun 2006, da tsarin cewa wanda ya kammala akwai aiki yana jiransa. BHP kuma ta buɗe makarantar FutureFit a 2020, a Perth da Mackay, don koyar da gyaran injuna. Horon tuƙin manyan motoci yakan ɗauki wata 12 zuwa 24, a ƙarshe a ba da satifiket na mataki na biyu ko na uku. Koyon cikakkiyar sana'a kuwa, irin kanikancin manyan injuna, lantarki ko walda, shekara huɗu ne, ana haɗa aiki da zuwa kwalejin fasaha ta TAFE.

Kafin a kai ga wannan akwai takardu: lasin tuƙi, takardar 'yan sanda, gwajin lafiya na ji da gani da huhu da ƙarfin baya, da gwajin barasa da ƙwaya. A mahaƙan kwal na jihar Kwinslan sai an ƙara da kwas ɗin tsaro da ake kira Standard 11. Gurbin 'yan asali kuma yakan buƙaci wasiƙar tabbatarwa a kan sharuɗɗa uku: jinin Aborijin ce, ita ta ɗauki kanta a haka, kuma al'ummarta ta yarda da ita.

Lasin tuƙi ne ke yawan kayar da mutane. Matashiya mai koyon mota sai ta cika awa 50 tana tuƙi da mai lasi a gefenta a Yammacin Ostireliya, awa 100 a Kwinslan. A ƙauyen da ke cikin hamada, inda masu lasi ƙalilan ne kuma motar da ke da rajista ba ta da yawa, cika waɗannan awoyi babban aiki ne. Tarar da ba a biya ba tana iya sa a dakatar da lasin. Wata ma ba a taɓa yi wa haihuwarta rajista ba. Wadda gwamnati ta raba kakanninta da danginsu a zamanin da ake ƙwace yaran Aborijin daga hannun iyayensu kan sha wuya wajen samun wasiƙar tabbatarwa, sai ta nemi taimakon ƙungiyoyin Link-Up masu binciko dangi. Don haka a fara neman takardu wata shida kafin a buɗe gurabe. Tsohon laifi a takardar 'yan sanda ba lallai ya hana aiki ba, ɓoye shi ne ke hanawa.

Makonnin farko a kan tifa, mai koyarwa na zaune kusa da ita. Motar tana ɗaukar sama da tan 200, tayarta ta fi mita uku tsawo, kuma ƙaramar mota na iya tsayawa a gefenta direba bai gan ta ba. Shi ya sa kafin ta tada inji sai ta zagaya motar da ƙafa, ta duba taya da yoyon mai da na'urar kashe gobara. Ba ta kusantar wata na'ura sai ta kira a rediyo an amsa mata. Duti awa 12 ne, kuma a dutin dare, tsakanin ƙarfe biyu da biyar na asuba barci ya fi kama mutum. Wadda ta ce ta gaji ta tsaya ba ta yi laifi ba, wadda ta yi shiru ta ci gaba ita ce ke cikin haɗari.

Ana ta yaɗa cewa kamfanonin sun ɗauki mata da yawa. To me ya sa ba ma jin sunan matan Aborijin a cikin manajoji? — Wata injiniya, Maraɗi

Injiniya, kin taɓo inda ke ciwo. Ɗaukar mata kam an yi. Yawan mata a cikin ma'aikatan BHP ya tashi daga kashi 17.6 cikin ɗari a 2016 zuwa kashi 40 a 2025. Amma ƙidayar kawuna ba ta nuna wanda ke yanke hukunci. Ma'aikatan Aborijin, maza da mata, sun fi taruwa a matakan ƙasa.

Tsanin yana tafiya haka. Mai koyo ta zama direba. Daga tifa ta ƙara da tankar yayyafa ruwa, gireda, katafila, sannan injin ɗiban ƙasa, wanda shi ne ake ji da shi domin duk tifofin shi suke jira. Daga nan ta zama mai koyarwa ko mai riƙe wa foman idan ba ya nan, sai ta zama foman, sai sufuritanda mai kula da rukunoni da yawa, sai manaja, sai janar manaja na mahaƙa baki ɗaya. Mai digirin injiniyan haƙa, wanda shekara huɗu ne a wurare irin makarantar ma'adinai ta Kalgoorlie, tana shiga ta tsarin sababbin masu digiri na shekara biyu zuwa uku, a zagaya da ita sashen huda da fasa dutse da sashen tsara aiki. Amma ita ma ba ta tsallake zama da ma'aikata a fili.

Wasu kujerun doka ce ta tsara su. A Yammacin Ostireliya, ƙarƙashin dokokin tsaron aiki da suka fara aiki a 2022, mai kula da ma'aikata a ramin haƙa sai ya ci jarrabawar dokar tsaro kuma ya nuna gogewa. A Kwinslan akwai takardun foman da hukumar jarrabawa ta musamman ga manyan muƙamai. Wadda ba ta da waɗannan takardu, ko da kowa na yabon aikinta, ba a iya naɗa ta.

Ga inda tafiyar ke karkacewa. Da zarar an ga mace 'yar asali mai hankali da iya magana, sai a yi mata tayin komawa ofishin hulɗa da al'umma ko na kula da ma'aikata 'yan asali. Tayin yana da daɗi: aikin rana, ɗaki mai sanyi, ga hidima wa mutanenta. Aikin kansa yana da daraja, ba mu raina shi ba. Matsalar ita ce ba kasafai ake ɗauko janar manaja daga can ba. Ana ɗauko shi ne daga cikin waɗanda suka riƙe ma'aikata, suka riƙe kasafi, aka tambaye su tan nawa aka fitar jiya kuma wa ya ji rauni. Bayan shekara biyar a ofishin al'umma, abokan shigarta sun zama sufuritanda, ita kuwa takardun injunanta sun tsufa. Shawararmu ga wadda aka yi wa irin wannan tayi: ta karɓa a matsayin aro na wata 12 zuwa 24, a rubuta ranar komawarta sashen haƙa, ta tambayi ko kujerar tana da kasafin kanta da ma'aikata a ƙarƙashinta, kuma ga wa za ta riƙa kai rahoto. Idan amsar ita ce babu kasafi, babu ma'aikata, to ado ake nema da ita.

Akwai wani nauyi da ba a rubuta shi a takardar aiki. Ita ake kira ta yi jawabi a makon NAIDOC na watan Yuli, wato bikin tarihi da al'adun 'yan asali, ita za ta sasanta idan wani ɗan asali ya samu matsala da foman, ita ake tambaya ma'anar kowace al'ada ko da ta wata ƙabila ce mai nisan kilomita dubu, alhali harsunan 'yan asali sun haura 250 kafin zuwan Turawa. Wannan yana cin lokacin da abokan aikinta ke amfani da shi wajen karatun jarrabawa. Ta rubuta awoyin, ta kai wa shugabanta, a saka su cikin ma'aunin aikinta na shekara ko a rage mata.

Abu biyu kuma. Mai ba da shawara yana da amfani, amma wanda ya fi shi shi ne babban da zai ambaci sunanta a ɗakin da ake raba muƙamai, ya ce a ba ta riƙon ƙwarya na wata uku a gani. Na biyu, tifofin da ke tuƙa kansu suna cinye aikin direba. Rio Tinto ta fara gwada su a Pilbara a 2008, kuma yanzu daga Perth, nisan kusan kilomita 1,500, ake sa ido a kan motoci da jiragen ƙasa marasa direba. Wadda ta tsaya a tuƙi kaɗai tana kan reshen da ake sarewa. Gara ta nemi horon ɗakin sarrafawa ko na gyaran na'urorin.

Florence Drummond misali ce mai kyau. 'Yar tsibirin Thursday ce, ta yi aikin sarrafa injuna a mahaƙar boksait (ma'adinin da ake yin alminiyom da shi) ta Weipa, kuma a 2017 tana cikin waɗanda suka kafa IWIMRA, ƙungiyar matan asali da ke aikin ma'adinai, domin mace ɗaya tilo a rukunin maza ta samu 'yan'uwan da za ta tambaya.

Mace mai 'ya'ya da dangi, yaya take yi da aikin da ake tafiya mako biyu ba a gida? — Wani magidanci, Kumasi

Malam, yawancin mahaƙan suna nesa da gari, don haka jirgin sama ke kai ma'aikata ya dawo da su. Jadawalin da aka fi sani shi ne kwana 14 a aiki, 7 a gida, ko kwana 8 a aiki, 6 a gida. Na biyun ya fi sauƙi ga mai yara. Wasu kuma suna zaune da iyalinsu a garuruwan haƙa irin su Newman, Tom Price ko Weipa, su kwana a gida kullum. Wasu kamfanoni na yarda mutum biyu su raba gurbi ɗaya. Dokar ƙasa ta ba da hutun haihuwa na wata 12 ba albashi ga wadda ta cika shekara a aiki, ban da kuɗin da gwamnati ke biya da abin da kamfani ya ƙara.

Wani abu da kan jawo rasa aiki shi ne rasuwa a cikin dangi. Dokar ƙasa kwana biyu ta ba da na ta'aziyya, ga dangi na kusa. A wajen Aborijin kuwa zaman makoki na iya ɗaukar makonni, dangi suna da faɗi, kuma akwai wadda al'ada ta ɗora wa wani aiki a jana'izar da ba mai yi sai ita. Sai ta tafi ba ta sanar ba don tana jin nauyin bayani, waya ba ta shiga a ƙauyen, bayan kwanaki a rubuta cewa ta gudu daga aiki. Maganin yana da sauƙi: tun ranar farko ta tambayi ko yarjejeniyar aikinta tana da hutun al'ada, kwana nawa ne, da albashi ko babu, ta kuma ba da lambar wani ɗan'uwa da za a iya samu.

Idan ita ce foman, akwai abin da ta sani wanda baƙo bai sani ba. A ƙabilu da yawa ba a ambaton sunan mamaci na wani lokaci, ko a rediyo. Akwai kuma kunyar surukai mai tsanani, inda namiji ba ya magana da uwar matarsa, ba ya ma zama kusa da ita. A haɗa su a mota ɗaya ko a sa ɗaya ya riƙa ba ɗaya umarni, sai a ga ɗayan ya daina zuwa aiki ba a san dalili ba. Batun albashi ma haka: dangi na da haƙƙi a kan mai samu, kuma da wuya a ce a'a. Da yawa sukan sa a raba albashin tun daga ofis zuwa asusu biyu, ɗaya na taimako, ɗaya wanda ba a taɓawa.

Na karanta cewa wani kamfani ya fasa kogon kakanninsu. Wadda ke yi wa irin wannan kamfani aiki ba ta ci amanar mutanenta ba? — Wani malamin makaranta, Jos

Malam, su kansu Aborijin ba su da baki ɗaya a kan wannan, kuma bai kamata a yanke musu hukunci daga nesa ba. Ga abin da ya faru. Ranar 24 ga Mayu, 2020, Rio Tinto ta sa nakiya ta fasa koguna biyu a kwazazzabon Juukan don faɗaɗa mahaƙar Brockman 4. Mutane sun zauna a wurin tun shekara 46,000 da suka wuce. Masu tono sun samu kitsattsen gashin mutum mai shekara kusan 4,000, wanda gwaji ya danganta da mutanen Puutu Kunti Kurrama da Pinikura na yau. Kamfanin yana da izinin minista tun 2013, ƙarƙashin sashe na 18 na dokar jihar ta 1972 kan wuraren tarihin Aborijin, don haka bai karya doka ba. Yana da tsari huɗu na haƙa, uku sun kauce wa kogunan, ya zaɓi na huɗu saboda tama mai inganci kimanin tan miliyan 8. A watan Satumba aka sanar cewa shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, da manyan jami'ai biyu za su bar kujerunsu.

Abin lura shi ne, akwai ma'aikata a cikin kamfanin da suka san darajar wurin. Maganarsu ba ta kai ga masu zana taswirar haƙa da ƙarfin da zai tsayar da aiki ba. Wannan ne ya sa muke nanata batun kujerar da ke da iko. Bayan abin, Rio Tinto ta ware dala miliyan 50 ta Amurka don raino shugabanni 'yan asali, kuma a 2021 Ben Wyatt, tsohon ma'ajin jihar Yammacin Ostireliya kuma ɗan asali, ya shiga kwamitin daraktocinta.

Shugabanci a wannan harka kashi biyu ne: na cikin kamfani da na ɗaya gefen tebur, wato ɓangaren masu ƙasa da ke tattaunawa da kamfani. Bayan hukuncin Mabo na 1992, wanda a cikinsa babbar kotun ƙasar ta amince da haƙƙin 'yan asali a kan ƙasarsu, da dokar mallakar asali ta 1993, idan gwamnati za ta ba da lasin haƙa a ƙasar da ke da masu ita na asali, sai an yi wata shida ana tattaunawa da zuciya ɗaya. Idan ba a daidaita ba, a tafi gaban kwamitin shari'a na musamman. Sai dai masu ƙasa ba su da ikon cewa a'a, kwamitin ba ya iya tilasta a biya su kaso daga ribar haƙa, kuma sau ƙalilan ya taɓa hana lasi. Don haka mai tattaunawa tana aiki ne da agogo a kanta. A Yankin Arewa (Northern Territory), ƙarƙashin dokar filaye ta 1976, abin ya bambanta, domin masu ƙasa na iya ƙin yarda tun a matakin bincike.

A can ne Yvonne Margarula, babbar mai ƙasar mutanen Mirarr, ta jagoranci hana haƙar yuraniyom a Jabiluka. A 1998 aka tare hanya wata takwas, aka kama sama da mutum 500, ita ma aka kama ta da laifin shiga ƙasar kakanninta ba izini. A 1999 ita da Jacqui Katona suka samu lambar yabo ta Goldman ta kare muhalli, a 2005 kamfanin da ke da lasin ya sa hannu cewa ba zai haƙa ba sai da yardarsu, kuma a 2024 gwamnati ta ƙi sabunta lasin. A ɗaya ɓangaren, Farfesa Marcia Langton ta Jami'ar Melbourne ta yi bayani a laccocinta na rediyon ABC a 2012 cewa yarjejeniyoyin haƙa sun samar wa dubban 'yan asali aiki da kasuwanci. Dukansu mata ne masu kishin mutanensu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: akwai wurare masu tsarki na mata zalla, waɗanda namiji ba ya da hurumin magana a kansu. Idan tawagar da ke duba fili kafin haƙa maza ne kawai, da masanin al'adu namiji, sai a rubuta cewa ba komai a wurin, alhali matan da suka sani ba a tambaye su ba. Mahaƙar daimon ta Argyle a kan irin wannan wuri aka haƙa ta, wurin da matan yankin ke dangantawa da labarin kifin baramandi. Yarjejeniyar farko ta 1980 da mutane ƙalilan aka yi ta, sai a 2004 aka ƙulla wadda ta haɗa masu ƙasar Gija da Miriwoong yadda ya kamata. Ga wadda ke aiki a kamfani kuma take cikin kwamitin masu ƙasa, ƙa'idar ɗaya ce: ta bayyana hakan a rubuce ga ɓangarorin biyu, ta fita daga ɗaki idan za a yanke abin da ya shafi mai biyanta albashi.

Shin sansanonin kwanan ma'aikata suna da aminci ga mace? — Wata uwa, Kano

Hajiya, damuwarki a kan hanya take. A Fabrairun 2022 Rio Tinto ta fitar da rahoton binciken da Elizabeth Broderick ta yi mata. Kashi 28.2 cikin ɗari na matan da suka amsa sun ce an ci zarafinsu ta fuskar lalata a wurin aiki, mata 21 sun ce an yi musu fyaɗe ko yunƙurinsa ko wani hari makamancin haka cikin shekara biyar, kuma kusan kashi 32 na matan asali sun fuskanci wariyar launin fata. A watan Yuni na shekarar, kwamitin majalisar Yammacin Ostireliya ƙarƙashin Libby Mettam ya gano cewa matsalar ta game masana'antar. A ƙarshen 2022 aka yi dokar da ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin hana abin tun kafin ya faru. Kamfanoni sun ƙara fitilu da kyamarori, sun gyara makullai, sun kuma taƙaita barasa a sansani.

Mace 'yar asali tana ɗauke da kaya biyu, na mace da na launi, kuma wani lokaci wanda ya cuce ta ɗan garinsu ne, kai ƙara zai taɓa dangi. Wadda ke aiki ta hannun ɗan kwangila ta fi rauni, domin ana iya daina kiranta ba tare da an ce an kore ta ba. Abin yi: ta rubuta rana da lokaci da wuri da shaidu a wayarta, ba a kwamfutar kamfani ba, ta adana saƙonni, ta san layin ƙorafin da bai bi ta hannun foman ɗinta ba. Idan cikin gida ya ƙi, akwai ƙungiyar ƙwadago, hukumar tsaron aiki ta jiha da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Fyaɗe kuwa maganar 'yan sanda ce.

Akwai abin da ya yi kama da wannan a dokarmu? — Wani ɗan kwamitin gari, Zamfara

Akwai, Malam. A Najeriya ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, a Ostireliya na jihohi ne, don haka a duka biyun mai fili ba shi ne mai abin da ke ƙarƙashinsa ba. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta duk shekara biyar. Idan kuna zaman rubuta taku, kada ku tsaya a kan “za a ɗauki 'yan gari aiki”. A rubuta gurabe nawa, a wane mataki, guraben koyon sana'a nawa a shekara, nawa na mata, da wanda zai duba ko an cika. A kuma zauna da mata daban a tambaye su rijiyoyi da hanyoyin ruwa da gonakin da suke amfani da su.

Idan ta gaji da aikin albashi, za ta iya buɗe nata kamfanin? — Wata 'yar kasuwa, Yamai

Za ta iya, Hajiya, kuma wasu sun yi. Amanda Healy, 'yar ƙabilar Wonnarua, ta shafe shekaru masu yawa a manyan kamfanonin haƙa kafin ta shiga cikin waɗanda suka kafa Warrikal, kamfanin gyaran injuna a Perth. Mutanen Gumatj kuma sun buɗe mahaƙar boksait tasu ta kansu, Gulkula, a 2017. Kasuwa akwai: Fortescue ta fara shirin ba kamfanonin 'yan asali kwangila a 2011, gwamnatin tarayya ta fara nata tsarin saye a 2015.

Matakin farko shi ne rajista da Supply Nation, ƙungiyar da ke tantance kamfanonin 'yan asali, wadda aka kafa a 2009. Tana ba da cikakkiyar shaida ga kamfanin da 'yan asali suka mallaki aƙalla kashi 51, kuma su ke tafiyar da shi. Sai inshora, sai rubutaccen tsarin tsaron aiki, domin ba a barin kamfani ya nemi kwangila a mahaƙa sai ya tsallake tantancewa. Jari ana iya nema a hukumar Indigenous Business Australia. Gara a fara da ƙaramin aiki da aka sani sosai, kamar hayar motoci, share fili, dashen ciyayi bayan haƙa, ko kawo kanikawa lokacin da aka tsayar da injinan niƙa don gyara.

Abu biyu ke kashe irin waɗannan kamfanoni. Na farko haɗin gwiwar ƙarya: babban kamfani ya ba ta kashi 51 a takarda don ya samu kwangila, amma injunan nasa ne, ma'aikatan nasa ne, shi ke sa hannu a banki, kuma kuɗin gudanarwa da yake caja ya cinye riba kafin a raba. Kafin ta sa hannu, ta ɗauki lauya da akanta nata na kanta, ta tabbatar tana cikin masu sa hannu a asusu, tana ganin lissafin kowane wata, kuma an rubuta yadda aiki da kayan aiki za su dawo hannunta shekara bayan shekara.

Na biyu shi ne tazarar biya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: ma'aikata suna karɓar albashi duk mako ko mako biyu, ga haraji, ga kuɗin fansho na kashi 12 cikin ɗari da doka ta wajabta tun Yulin 2025, alhali takardar neman biya na iya yin wata ɗaya ko biyu. Babbar kwangila ta fi ƙarama saurin durƙusar da sabon kamfani saboda wannan. BHP ta rage wa ƙananan kamfanoni da na 'yan asali wa'adin biya zuwa kwana 7 a 2021, amma idan aikin ya biyo ta hannun wani ɗan kwangila ne, wa'adinsa ne ke aiki a kanta. Ta nemi a rubuta adadin kwanakin a cikin kwangilar, kuma kada ta ɗauki ma'aikaci na farko sai tana da albashin wata uku a ajiye.